Tambayar da Lowell Ya Sani

Ƙarfe shida da rabi na safe, gari bai gama wayewa ba, yayyafin da aka kwana ana yi a birnin Tacoma kuma bai ɗauke ba. Irin ruwan nan ne na watan Fabrairu wanda ba ya zuba a wuce wurin, sai dai ya yi ta tsiyaya kamar mai jin nauyin sauka. Lowell Brandvik yana tsaye a kicin cikin rigar da ya goge tun jiya, kofi yana hucewa a hannunsa, idonsa a kan farin allon da ya kafa tsakanin firiji da ƙofar baya. Shekara guda ke nan allon yana wurin.

Matarsa Corinne ta fito cikin kayan aikinta na asibitin dabbobi, tana ɗaure gashi.

"Ka ci wani abu?"

"Cikina ba ya karɓa."

"Shi ma sai an yi masa bayani a allo?" Ta tura masa gasasshen biredi a faranti. "Ci ko rabi ne, Lo. Kada ka je ka yanke jiki ka faɗi a gabansu, su ce tsufa ne."

Ya yi ɗan murmushi ya gutsira. Shekarunsa talatin da tara, kuma a sana'arsu wannan ba yarinta ba ce.

Lowell mai rubuta manhajar kwamfuta ne. Shekara goma sha huɗu yana aiki a wani ƙaramin kamfani mai ɗaki uku a saman shagon katifu, inda suke yin manhajar da likitocin haƙori ke tsara lokutan ganin marasa lafiya da ita. Su shida ne a wurin, shi kaɗai ne mai rubutun, sauran masu amsa waya ne da masu talla. Ba a taɓa wulaƙanta shi ba, maigidan nasu ma mutumin kirki ne. Abu ɗaya ne dai. Babu mai karanta abin da ya rubuta. In ya yi kwana uku yana gyaran wani wuri har layi ɗari biyu suka koma arba'in, suka fito sumul, babu wanda zai leƙa ya ce madalla. In manhaja tana aiki, shiru. In ta tsaya, sai waya ta yi ta ƙara.

Kamfanin Orlund kuwa yana can hayin tafki, gabas da Seattle, kuma duk mai wannan sana'a ya san sunan. Ba abincin kyautar da ake ba ma'aikatansu ne ya kama zuciyar Lowell ba, ba kuma rigar sanyin nan mai tambari da suke yawo da ita a jirgin ƙasa ba, ko da yake in ya ce ba ya kallon rigunan ya yi ƙarya. Yana ɗan shekara ashirin da biyar ya ci karo da wani aiki da kamfanin ya saki don kowa ya gani. Ya buɗe, sai ya tarar a gefen kusan kowane layi mutum biyu ko uku suna muhawara, wannan ya ce a sauya, wancan ya ce a bari, ga dalilina. Wani ma ya rubuta wa ɗan'uwansa cewa wannan wurin ya burge shi. Ashe akwai inda ake zama a karanta aikin mutum layi bayan layi. Tun daga ranar zuciyarsa ta ƙaura hayin tafki, gangar jikin ce kawai ta rage a saman shagon katifu.

To, ƙa'idar Orlund ita ce sau uku ake kiran mutum intabiyun ɗaukar aiki. In ya faɗi na uku, an rufe takardarsa ke nan, ba a sake buɗewa. Na farko, shekara bakwai da suka wuce, Lowell ya faɗi warwas, shi kansa ya san bai shirya ba. Na biyu ya warware duk tambayoyin da aka ba shi a allo, amma bakinsa a rufe kamar yadda ya saba aiki, ya sake faɗuwa. Abokinsa Tien Vuong, wanda suka yi jami'a tare, ya shekara tara a Orlund, kuma shi ne ke miƙa sunansa kowane karo, ya kira shi daga baya ya ce, "Mutumina, ba amsa suke saye ba, surutu suke saye. So suke su ji kanka yana aiki. Kai kuma ka tsaya musu kamar gunki mai alkalami."

Shi ya sa ya sayi allo. Kullum da asuba kafin ya tafi aiki sai ya ɗauko tambaya ɗaya ko biyu daga shafin da masu neman irin wannan aiki ke atisaye, ya tsaya yana warwarewa yana yi wa firiji bayani da ƙarfi. Ya yi tambaya ɗari huɗu da 'yan kai. Wasu ya maimaita su har hannunsa yana rubuta su ba tare da kansa ba. Corinne takan ce in aka ci gaba a haka firijin ne zai riga shi samun aikin.

Yau ce ta uku.

Ta kai shi tasha a mota. Da zai sauka ta gyara masa wuyan riga, ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Ka yi musu magana kamar yadda kake yi wa firiji."

Jirgin ƙasa ya bi ta gonaki masu kwance da ruwa da bayan manyan ɗakunan ajiya, tagogi sun yi gumi. A Seattle ya shiga bas ya haye gada. Tafkin da sararin sama launinsu ɗaya, ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ƙarfe tara da rabi yana zaune a zauren baƙi na Orlund, an manna masa takarda mai sunansa a ƙirji. Ma'aikata suna ta wucewa da katunansu a wuya, ƙofar gilashi tana buɗe musu da kanta. Yawancinsu ya ba su shekara goma.

Zama huɗu za a yi, kowanne minti arba'in da biyar, biyu kafin abincin rana, biyu bayansa. Na farko ya tafi ba yabo ba fallasa. Na biyu ya yi kyau sosai, har mai tambayar, wani dogo mai gemu, ya yi dariya sau biyu, ya ce masa ya ji daɗin hirar. Lowell ya fito yana jin ƙafafunsa ba nauyi.

Tien yana jiransa a bakin ɗakin cin abinci, gajere mai fara'a, da rigar sanyin kamfani a kafaɗa.

"Tsoho, ka rayu?"

"Da sauran numfashi."

"Na ga fuskarka. Ka yi magana dai ko?"

"Har maƙogwarona ya bushe."

"Yawwa. Zo ka ci kazar masu kuɗi."

Suka ɗebi shinkafa da kaza mai zaƙi-zaƙi suka zauna kusa da taga. Tien yana ci yana surutu, Lowell yana juya cokali. Can sai Tien ya matso da kujera ya rage murya.

"Saura biyu. Bari in gaya maka abin da ya kamata in gaya maka tun shekara uku da suka wuce. Ka yi tambaya ɗari huɗu, dole a jefo maka wadda ka sani. In ta zo, kada ka yi zumuɗi. Ka ɗan sosa ƙeya. Ka fara da hanyar banza, ka yi layi biyar, ka tsaya, ka ce kai, wannan za ta yi nawa. Ka goge. Sannan ka yi kamar yanzu hasken ya faɗo maka."

"Ai a takardar da suka aiko sun rubuta cewa in ka taɓa ganin tambaya ka faɗa, a sauya maka."

"A jikin kwalin sigari ma an rubuta gargaɗi."

"Da gaske nake, Tien."

"Ni ma da gaske nake. Dubi ɗakin nan." Ya nuna da cokali. "Rabin mutanen da kake gani 'yan wasan kwaikwayo ne na minti arba'in da biyar. Sun iya aiki, ban ce ba su iya ba. Amma ƙofar haka ake shiga ta. Kana tsammanin ni ta sama na faɗo? Biyu daga cikin tambayoyina na san su kamar sunana. Na sosa ƙeya har ta yi ja."

Lowell ya dube shi. Shekara tara yana ganin Tien a matsayin wanda ya fi shi kai, kuma bai taɓa jin haushin hakan ba.

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba. Ci abincinka, Malam Gaskiya. Wannan ce ta ƙarshe fa, ba ka da ta huɗu."

Ƙarfe ɗaya aka shigar da shi wani ƙaramin ɗaki wanda bango ɗaya gaba ɗayansa allo ne. Mutum biyu suka shigo. Ta gaba wata budurwa ce da ba za ta wuce ashirin da shida ba, riƙe da littafin rubutu a ƙirji. Na baya dattijo ne mai furfura a gefen kunne, ya gaisa da kai kawai ya wuce kusurwa ya buɗe kwamfutarsa.

"Sunana Yesenia Robles," ta ce, ta miƙo hannu. Hannun da sanyi. "Wannan Gareth ne. Kada ka damu da shi, ni ya zo dubawa, ba kai ba. Yau ne karo na farko da nake jan intabiyu da kaina, saboda haka in ka ga ina rawar murya, mu biyu ne a cikin jirgin."

Lowell ya yi dariya.

Ta buɗe littafi ta karanta a hankali, yadda mai bita yake karantawa. An ba ka jerin tarurruka, kowanne da lokacin farawa da na tashi. Wasu suna cin karo da juna. Ɗakin taro nawa ne mafi ƙaranci da zai ishe su duka ba tare da an haɗa taro biyu a ɗaki ɗaya ba?

Tun kafin ta kai ƙarshe ya ji zuciyarsa ta buga. Ya san ta. Ya yi wa firiji bayaninta ya fi sau goma. Ya san amsar, ya san tarkon da ke cikinta na taron da ke tashi daidai lokacin da wani ke farawa, ya san tambayar da za ta biyo baya. Layi goma sha takwas ne, yana ganinsu a ransa kamar an riga an rubuta su a bangon.

Ya ɗauki alkalamin allo. Ya ji hannunsa ya tafi ƙeya da kansa.

"To," ya ce, "bari in fara da hanya mai sauƙi. Watakila in ɗauki kowane taro in gwada shi da duk sauran."

Ya fara rubuta hanyar banzar. Yana rubutu yana magana, yana jan murya, yana tsayawa kamar mai lalube. Abin ya zo masa da sauƙi fiye da yadda ya zata, wannan ma ya ba shi ɗan tsoro. Ya yi layi shida, ya ja da baya, ya haɗa gira.

"Kai, wannan za ta yi nawa in tarurrukan suna da yawa. Bari in yi tunani."

Ya tsaya yana kallon allo, yana ƙirga daƙiƙu a ransa kafin ya saki hasken ƙarya. Yana cikin ƙirgar ya ji motsin kujera. Yesenia ta taso ta tsaya kusa da shi. Ta dubi agogon bango, ta saci kallon Gareth, sannan ta dube shi, kuma abin da ya gani a fuskarta damuwa ce tsantsa. Tsoro take ji kada ya maƙale. Ta ciji leɓe, ta duba littafinta inda ta rubuta wasu 'yan layuka da jan biro, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Kana kan hanya, kada ka damu. Ka tuna otal. In kai ne mai ba da makullin ɗaki, wa za ka fara sallama, kuma me za ka fara dubawa kafin ka buɗe sabon ɗaki?"

Misali ne mai kyau. Bai taɓa ganinsa a shafin atisaye ba, nata ne, ta zauna ta ƙirƙiro shi don ranar da wani zai maƙale a gabanta. Ga shi ta ciro shi ta miƙa wa mutumin da bai maƙale ba.

Abin da ya rage kawai ya buɗe ido ya ce, af, haka ne fa, in jera su bisa lokacin farawa. Da ta ji daɗi, da ta rubuta cewa ya karɓi shawara da sauri. Ya buɗe baki. Maganar ta ƙi fita. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi, alkalamin ya yi masa nauyi.

Ya mayar da murfin alkalamin ya ajiye.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Na san wannan tambayar. Na sha yin ta. Ya kamata in faɗa tun farko."

Yesenia ta dubi layuka shidan da ke allo, ta dube shi. Ya ga lokacin da ta gane abin da layukan suke nufi. Ta juya wajen Gareth, shi kuwa bai ɗago ba, yatsunsa ne kawai suka ci gaba da tafiya a kan kwamfuta, sun ɗan fi ɗazu sauri.

"Na gode da ka faɗa," ta ce. Ta yi ta buɗa shafuka. "Ina da wata. Minti goma sha uku sun tafi, amma mu gwada."

Ta biyun bai taɓa ganinta ba. Gida ne mai ɗakuna da yawa, wasu ƙofofin a kulle, makullansu a warwatse cikin wasu ɗakunan. Wace hanya ce mafi gajarta da mutum zai bi ya tattara makullan duka?

Ya goge allon ya fara. Wannan karon laluben na gaske ne, kuma ya ji bambancin a cikinsa. Ya yi magana yadda ya koya, ya zana gidan, ya rubuta yadda za a bi ɗaki-ɗaki. Minti goma sha biyar suka wuce kafin ya gane inda gizo ke saƙar: ɗakin da ka shiga ba makulli da ɗakin da ka dawo da makulli a aljihu ba ɗaya ba ne, dole a riƙa tuna abin da ke aljihun a kowane mataki. Ya faɗa da ƙarfi, Yesenia ta gyaɗa kai da sauri har littafinta ya kusa faɗuwa. Ya shiga rubutu. Yana tsakiyar layi na ashirin da wani abu Gareth ya yi gyaran murya, karo na farko tun shigowarsa.

"Lokaci."

Rabin aikin ne a allo. Yesenia ta ɗaga waya ta ɗauki hotonsa, kamar yadda aka saba, don a kai wa kwamitin da ke yanke hukunci. Amma ba ta tafi nan take ba. Ta tsaya tana bin layukan da ido tun daga sama, leɓɓanta suna motsi. Ta sa yatsa a wani wuri.

"Nan ɗin," ta ce. "Yadda ka ware maganar makullai gefe guda, ka bar tafiyar ita kaɗai. Ni a cakuɗe na rubuta tawa. Taka ta fi tsabta."

Lowell ya ce ya gode, suka fita.

Zama na huɗu ya wuce kamar a mafarki. Ya amsa, ya rubuta, ya yi magana, amma in ka tambaye shi me aka tambaye shi sai ya yi tunani.

Tien ya rako shi tashar bas da lema ɗaya. Lowell ya ba shi labari tiryan-tiryan. Tien ya tsaya cak a tsakiyar hanya har ruwa ya fara sauka a kafaɗar Lowell.

"Ka yi me?"

"Na gaya mata."

"Bayan ka yi minti goma sha uku kana wasan?"

"E."

Tien ya shafa fuska da tafin hannu. "Tsoho, hanya biyu ce. Ko ka faɗa tun farko a ce kai mai gaskiya ne, ko ka yi shiru har ƙarshe a ce kai gwani ne. Kai sai da ka nemo ta uku, wadda ba riba ko ta ina. Gareth zai rubuta cewa ka yi wasan, zai kuma rubuta cewa ba ka gama ta biyu ba. Na san shi, ko tari ka yi sai ya rubuta."

"Na sani."

"To me ya kai ka?"

"Kai ka ce in sosa ƙeya."

"Na ce ka sosa, ban ce ka tuba a tsakiya ba." Ya yi tsaki, ya gyara lemar ta koma kan Lowell. Can bas ta ɓullo. Sannan Tien ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Zama na biyun ya yi kyau, ka ce. Wa ya sani. Kwamiti wani lokaci sukan yi abin mamaki."

Su biyun sun san lallashi ne.

Da yamma a gida Corinne ta saurare shi har ya gama, tana tsaye jingine da wurin wanke-wanke, hannuwa a harɗe.

"Da ka yi shiru, da ka ci?"

"Watakila. Wannan zaman dai da na ci."

"To don me, Lo?"

"Yarinyar da gaske take son taimakona. Ta tanadi misali nata na kanta. Na kasa karɓa."



"Shekara guda ina karya kumallo ina kallon ƙeyarka," ta ce. "Ban taɓa cewa komai ba, don na san abin da wurin nan yake a ranka. Ba cewa nake ka yi laifi ba. Amma kada ka sa ran in tafa maka yau. Bari sai gobe ko jibi."

Ta ɗauko tukunya ta ɗora ruwan taliya. Suka ci abinci suna jin ruwa a kan rufi.

Kwana takwas ana jira. Lowell ya koma aiki, ya gyara wa wani likita a Puyallup matsalar da ke sa manhaja ta ba mutum biyu lokaci ɗaya, aikin da bai ɗauke shi awa guda ba. Duk sanda waya ta motsa a aljihunsa sai ya yi saurin ciro ta. Wani lokacin yakan kama kansa yana ƙarasa tambayar makullan a bayan takarda. Ya gama ta a rana ta uku, layi talatin da ɗaya, ba wanda zai nuna wa.

Ranar Laraba wajen ƙarfe uku na rana kiran ya zo. Ya fita ya tsaya a matakalar bene, inda warin ledar sababbin katifu ke tasowa daga ƙasa. Matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ce, muryarta mai laushi, ta saba da irin wannan kira. Ta ce kwamiti ya zauna, sun yaba da abubuwa da yawa, amma ba za su ci gaba da shi ba. Ta ce ba a ba ta izinin faɗin dalili ba. Sannan ta ce tunda wannan ne karo na uku, ya san yadda ƙa'idar take.

"Na sani," ya ce. "Na gode da kika kira da kanki."

Ya zauna a kan matakala. Ta ƙaramar tagar da ke wurin yana hango filin ajiye motoci da ruwa kwance a cikinsa, da wata mata tana fama da lema da ta ƙi buɗewa. Ya jira ya ji baƙin cikin ya zo da ƙarfi, amma bai zo haka ba. Wani irin fili ne kawai ya buɗe a ƙirjinsa, babba, ba komai a ciki. Shekara goma sha huɗu duk abin da ya rubuta, a ransa yana rubuta shi ne don wasu mutane a hayin tafki da za su karanta wata rana. Yanzu ba ya jin akwai wanda yake rubuta wa. Ya tura wa Corinne kalma biyu, ya tura wa Tien ɗaya. Tien ya kira, bai ɗauka ba.

Da ya koma teburinsa sai ya tarar da saƙo daga Orlund, irin wanda na'ura ke aikawa kowa. Suna neman ya ba su minti biyar ya faɗi yadda ya ga masu yi masa tambayoyi, ba za a bayyana sunansa ba, kuma abin da ya rubuta zai shiga cikin abin da ake dubawa wajen tantance sababbin masu jan intabiyu. Ya kai hannu zai goge, sai ya tsaya.

Ya buɗe. Ya wuce na farko da na biyu da 'yan kalmomi. Da ya zo zama na uku ya gyara zama. Ya rubuta cewa Yesenia Robles ta karanta tambayarta a fili ba ruɗani. Ya rubuta cewa lokacin da aka ɓata a farkon zaman shi ya jawo, ba ita ba, kuma da abin ya faru ba ta rikice ba, ta sauya tambaya cikin natsuwa. Ya rubuta cewa tana da misalin otal da ya kamata sauran su ara, kuma tana karanta abin da mutum ya rubuta a allo har ƙarshe kafin ta yi magana. Ya karanta sau biyu, ya cire wata kalma da ta yi yawa, ya gyara waƙafi ɗaya, ya aika.

Shafin ya koma fari. Daga ɗakin kusa mai amsa waya ta leƙo ta ce wani asibiti a Lakewood suna kan layi, wai kalandarsu ta ƙi buɗewa. Lowell ya jawo kujera ya ce ta haɗo su.